Ruwan da Ba Ya Zuwa Yawuri

Utaiƙa, Riyad
Nuwamba, 2016

Zuwa ga Yayata Khadijatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Malam da yara, da gwiwar nan taki da ba ta shiri da sanyi. Yaya Yawuri, yaya kogi?

Kada ki yi mamakin ganin takarda daga wanda a da sai kin ja masa kunne kafin ya rubuta layi biyu. Dole ce ta sa. Ɗaki ɗaya da falo gare mu, 'yata Hajar kuwa kunne gare ta kamar zomo. Ba ta mayar mini da Hausa, sai Larabci, amma babu abin da ba ta ji. Da na ɗaga waya na ce "Yaya" za ta ajiye abin da take yi ta zo ta tsaya a kaina. Shi ya sa nake rubutawa a ofis, in ɗauki hoton takardar in turo miki. Ke ma don Allah ki daina turo saƙon murya a kan maganar nan.

Na ji saƙon surukata Hajiya Delu. Ki je ki durƙusa ki gaishe mini da su, ki ce na ji kuma ban raina ba. Na san haka ake yi, uwa ta rasu kaka ta ɗauki jika. Na san 'yarsu suka rasa, suna so su riƙa ganin fuskar Balki a fuskar yarinyar. Amma Yaya, ni ma ita kaɗai ta rage mini. Balki ta tafi da abin da ke cikinta rana ɗaya. In aka ɗauke Hajar, me zan dawo gida in tarar, firij da bango? Wallahi ba zan iya ba. Ki nemo kalmomin da suka fi nawa laushi ki faɗa musu, ke kin iya.

Akwai abin da ya kamata ki sani tun yanzu. Hajar ba ta san uwarta ta rasu ba. Ranar da abin ya faru tana wajen maƙwabciyarmu Mariyama, matar Dawuda direba, mutanen Maraɗi. Yarinya ta dame ta da tambaya, sai ta yi abin da kowace mace a gida za ta yi, ta ce mata Ummi ta tafi Yawuri ganin kaka. Na dawo daga maƙabarta da ƙura a ƙafata, ta tarye ni a bakin ƙofa tana fushi, wai don me aka tafi ba da ita ba. Sai na ce jirgi ne ya cika. Kin tuna mu ma da Baba ya rasu ce mana aka yi ya tafi Makka, ga mu kuma mun girma. Bari ta ƙara wayo tukuna.

Kin tambayi wa zai kula da ita tunda Mariyama ta sami aikin kwana a gidan wani ma'aikacin jakadanci. Na sami hanya. Kin san Riyad babu kogi babu teku, sai wani kwari da ya ratsa kudancin gari, wanda a da juji ne, tsofaffin tayoyi da ruwan kwata. Shi aka share aka yi masa madatsa, ruwa ya taru ya zama tafki, aka dasa dabino, aka shimfiɗa dutse don masu yawo. Ginin da ke bakinsa, ƙasa shagunan shayi da askirim ne da wurin wasan yara, sama kuma ofisoshi. Ni ne injiniyan da ke kula da na'urorin sanyin ginin, teburina yana sama jikin gilashi, lilo yana ƙarƙashina daidai. Ranar buɗewa mudir ɗinmu, wato shugaban kamfani, ya ce an gina wurin ne don mutum yana cikin aiki ya ɗaga kai ya ga yara suna wasa. Mutane suka tafa, ni kuwa na riƙe maganar.

Da azahar nakan ɗauko ta daga makaranta, ta ci abinci ta yi barci a ɗakin Abu Najib, wani dattijo Basudane mai gadin ƙofar shiga bakin ruwa. In la'asar ta yi, mata suka fara shigowa da dardumarsu da fulas, sai ya sake ta cikin yara. Jan ɗankwali nake ɗaura mata don kada ta ɓace mini daga sama. Yarinya a tsakiyar mata ai ba za ta rasa mai sa mata ido ba.

Balki ta so ta ga wurin nan. 'Yar masunta, kullum ƙorafinta tun da ta zo ƙasar nan ba ta ga ruwan da ya wuce na bokiti ba. Na yi ta ce mata ta bari a buɗe. Aka buɗe bayan kun yi mata sadakar arba'in.

Ki gaishe da Malam da duk na gida.

Ƙaninki,
Bashari


Riyad
Janairu, 2017

Yaya Khadijatu,

Sallama da gaisuwa. Ina fata jikin Malam ya yi sauƙi, Allah ya ƙara afuwa.

Haba Yaya, wa ya ba su Hajiya lambar Mariyama? Ranar Juma'a suka kira ta, aka miƙa wa Hajar waya, suka tambaye ta ko tana son zuwa Yawuri. Me za ta ce? Tsalle ta yi ta ce yanzu ma. Ga shi ana yawo da maganar a dangi, wai yarinya da bakinta ta ce gida take so, ubanta ne ya danne ta a ƙasar mutane. Ba kakarta take nema ba, uwarta take nema, kuma kin sani. Tun ranar ta haɗa kayanta a jakar makaranta, har da takalmin Balki na ɗaka, wai Ummi ta manta shi. Kullum da safe sai ta tambaye ni ko yau jirgi bai cika ba. Na fara tsoron wayewar gari saboda tambayar nan.

Akwai kuma wani abu. Daga sama nakan ga jan ɗankwali ya bar lilo ya tafi jikin ƙarfen da aka kewaye tafki da shi, ya daɗe a tsugune. Na zaci agwagi take kallo. Abu Najib ne ya gaya mini abubuwa take jefawa, dabino, biskit, takardun da ta yi zane. Da na tambaye ta sai ta ce Ummi ta gaya mata gidansu a bakin ruwa yake, saboda haka saƙo take aika mata. Ta kuma tambaye ni ko ruwan nan yana zuwa Yawuri. Yaya, ni da na yi karatun ruwa da famfo, na san ruwan nan bai wuce gonakin da ke kudu da gari ba, can ƙasa ke shanye shi. Amma ta kafe ni da ido, idon Balki sak, sai na ji bakina ya ce in Allah ya so. Ta ce to me ya sa ba ya tafiya, a tsaye yake kawai. Na ce sai an yi ruwan sama.

Maganar mata kuma na yi kuskuren lissafi. Nan ba gida ba ne. Kowace da'ira ta shimfiɗa dardumarta, ta juya wa ta kusa baya, kowa nasa yake kallo. Ba mugunta ba ce, su a wajensu sa ido a kan ɗan wani shisshigi ne. Rannan Hajar ta faɗo daga lilo, ina gani daga sama ta tashi da kanta ta kaɗe jikinta. Na dafa gilashi kamar zan tura shi, gilashin da ba ya buɗewa, don an liƙe shi saboda sanyi, kuma da hannuna aka duba liƙin.

Sauka wurinta ma ba abu ne mai sauƙi ba. Ƙofar ofisoshi ta bayan gini take, wajen titi, don kada ma'aikata su cakuɗu da matan mutane. Bakin ruwa na iyalai ne kawai. In ina riƙe da hannun Hajar ni mai iyali ne, in ni kaɗai ne gwauro ne, ba a barin gwauro ya shiga. Abu Najib ne ke kau da kai ya bar ni in leƙa ta. Shi ma ɗin wata mai zuwa zai tafi hutu Sudan.

Aiki ya fara lalace mini, rabin idona kullum a ƙasa yake, har mudir ya yi mini magana. Ba na cin abinci sosai. Amma kada ki faɗa wa su Hajiya ko ɗaya daga cikin wannan, ki ce musu muna lafiya lau.

Naki,
Bashari


Riyad
Fabrairu, 2017

Yaya,

Ina gaisuwa. Ki fara da cewa alhamdu lillahi kafin ki karanta, Hajar tana raye, tana barci kusa da ni.

An kwana biyu ana ruwa a Riyad, irin wanda mutanen garin ke fitowa kallo da murna. Ranar Talata da la'asar ya ɗauke, rana ta fito, wurin ya cika maƙil. Tafki ya tumbatsa, ruwa yana zuba ta kan madatsa yana gudu cikin kwarin. Ni ko a jikina. Wallahi maganar da na yi mata ta sai an yi ruwan sama ba ta ko faɗo mini a rai ba. Na miƙa ta ga sabon mai gadin, wani saurayi da ban saba da shi ba, ya ce ba aikinsa ba ne, na ce ai tana cikin yara, na hau sama.

Ina duba wata na'ura a kwamfuta na ɗaga kai, ban ga ja a wajen lilo ba. Na bi ƙarfen tafki da ido, babu. Can ƙarshen wurin, inda matakala ta sauka zuwa hanyar ruwa, sai na hango ta. Jakarta a baya, ta cire takalmi ta riƙe a hannu kamar yadda uwarta ta ce suna yi in za su tsallaka fadama. Tana sauka a hankali. Akwai mutane a kusa, kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar hoton ruwa.

Na yi ihu na kira sunanta. Na doki gilashin nan da hannu biyu har abokan aikina suka miƙe, ko kusa sautin bai fita ba. Na sauko a guje, na faɗa titi, na zagaya ginin gaba ɗaya, ginin da ban taɓa sanin tsawonsa ba sai ranar. Da na iso ƙofar iyalai sai yaron nan ya tare ni da hannu ya ce mamnu'u, an hana, na iyalai ne. Na ce 'yata tana ciki, ya ce ina take. Larabcin duk ya gudu daga kaina, Hausa nake yi masa. Ya ga baƙin mutum a firgice yana neman kutsawa cikin mata, sai ya riƙe mini riga. Ture shi na yi ya faɗi. Ni da ban taɓa ɗaga wa kowa hannu a ƙasar nan ba.

Kafin in kai ruwa ya riga ya kwashe ƙafarta. Wata mata ce, dattijuwa, ta faɗa da abayarta har ƙugu ta cafko igiyar jakar. Jakar nan da nake ta faɗa a kanta, ita ta riƙe mini 'yata. Matar ta fito da ita tana jijjiga ta tana kuka, ta juyo ta zazzage ni tas a gaban jama'a, ta ce wane irin uba ne ni. Ba ta kuwa faɗi ƙarya ba. Ko sunanta ban sani ba, ki sa ta a addu'a.

Hajar kuwa ba tsoro ne ya sa ta kuka ba. Kuka take an hana ta, wai ruwa ya fara tafiya kuma zai tafi ya bar ta. Takalmin Balki ɗaya ya fita daga jakar ya bi ruwa, ta ce to shi zai riga ta isa.

'Yan sanda sun zo. Sun sa na rubuta alƙawarin ba zan sake barin ta ita kaɗai ba, suka ce in aka kuma, hukuma za ta karɓe ta. Mai gadin ya yafe turin bayan an ba shi haƙuri. Mudir ya kira ni ya ce daga yau babu yarinya a harabar ginin lokacin aiki. Na tuna masa jawabinsa na ranar buɗewa, ya dube ni kamar na zare, ya ce magana ce ta biki. Ya ba ni hutun mako biyu in san abin yi.

Yaya, ƙarya ta kusa kashe mini 'ya. Mu da aka ce mana Baba ya tafi Makka babu hanyar Makka a ƙofar gidanmu, ita kuwa ni na nuna mata hanya da bakina. Ki yi mini addu'a, ban san ta inda zan fara ba.

Bashari


Riyad
Ƙarshen Fabrairu, 2017

Yaya Khadijatu,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ga amsarki, na gode da ba ki yi mini faɗa ba, ko da yake na san kin adana shi.

Na gaya mata. Ranar Juma'a da hantsi na kai ta bakin tafkin, babu kowa sai masu shara. Muka zauna a kan dutse. Na ce mata Ummi ba ta Yawuri, Ummi ta rasu, tana nan Riyad a cikin ƙasa, kuma ba za ta dawo ba. Na ce ruwan nan ba ya zuwa ko'ina. Na faɗa da Hausa, na sake faɗa da Larabci don kada wani abu ya rage. Ta yi ta wasa da igiyar takalminta, har na zaci ba ta gane ba. Can ta ce, "To jirgin bai cika ba?" Na ce bai cika ba, ƙarya na yi miki. Sannan ta yi kuka, ni ma na yi, masu shara suka matsa can nesa suka ba mu wuri.

A mota ta ce ta fasa zuwa Yawuri, inda Ummi take nan za ta zauna. Da muka isa gida ta zazzage jakar ta mayar da kayanta cikin durowa. Allah ya yafe mini, daɗi na ji. Na ce shi ke nan, magana ta ƙare, yarinya da bakinta ta zaɓi ubanta.

Sai dai tun daga ranar nake yawo, duk ƙofar da na taɓa a rufe. Gidajen renon yara suna tashi kafin in tashi aiki. 'Yar aiki ba a ba namijin da ba shi da mata. Mariyama ta roƙi uwar ɗakinta ta bar ta ta riƙa zuwa da Hajar, aka ƙi. Matan 'yan uwanmu da na sani duk suna aikin gidaje ko asibiti. A masallaci kowa cewa yake in yi aure, kamar shago ake shiga a ɗauko. Na koma wajen mudir na ce to a sallame ni mu tafi gida ni da ita. Kin san a nan ba ka fita ƙasar sai kamfanin da ya ɗauko ka ya sa hannu. Ya ce sai kwantiragi ya ƙare baɗi, hutu ma ba yanzu ba, don ya san in na fita ba zan dawo ba. Gaskiyarsa kuwa.

Hutun da ya ba ni ya kusa ƙarewa. Har yanzu ina nema. Kada ki ce wa su Hajiya komai tukuna.

Ƙaninki,
Bashari


Riyad
Maris, 2017

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kuma ina fata kafin ki karanta wannan su Hajar sun iso.

Na miƙa ta ga Maiwada ɗan Kawu da matarsa a Jidda, sun gama Umra, za su kawo ta gida. Da tana son tafiya na hana ta, yanzu da ta ƙi ni na ɓamɓare yatsunta daga rigata ɗaya bayan ɗaya. Ba zan iya ba ki labarin filin jirgi ba. Ki gaya wa su Hajiya ga jikarsu nan, amana ce, baɗi in Allah ya kai mu zan zo. Ba ta cin yaji. Tana jin Hausa sarai, kada a yi maganarta a gabanta a zaci ba ta gane ba. In ta tambayi wani abu a gaya mata gaskiya ko da za ta yi kuka. Ki kai ta ta ga kogi, amma ki riƙe hannunta da kyau.

Kafin mu bar Riyad ta ce in kai ta tafki. Ta cika gorar ruwanta ta makaranta, ta ce Ummi ba ta taɓa ganin ruwan nan ba, mu kai mata. Dawuda ya kai mu maƙabarta. Ba a barin mata su shiga, ko ƙanana, sai ta zauna a mota na shiga ni kaɗai. Yaya, kaburburan nan ba a rubuta suna, duwatsu biyu ne kawai, kai da ƙafa. Ni da wani fasasshen bulo na yi alama, ruwan saman nan ya tafi da shi, ga sababbin layuka an ƙara. Na tsaya a tsakiya ina juyawa, ban gane kabarin matata ba. Na kama layin da nake zato, ina zuba kaɗan-kaɗan a kan kowane ina addu'a. Ruwan ya ƙare ban kai ƙarshen layin ba.

Da na dawo mota ta tambaye ni, da Hausa, karo na farko tun rasuwar, "Baba, Ummi ta samu?" Saura kaɗan in ce e. Na ce ban sani ba, na gaya mata yadda aka yi. Ta dubi gorar, ta miƙo mini ta ce, "To ka riƙe. Ka riƙa kai mata har ta samu." Na yi mata alƙawari.

Jiya da na tashi aiki na ɗauki gorar na zagaya ginin don in ɗebo. Raina yana wani wuri, har na sa ƙafa a ƙofar iyalai. Mai gadi ya dubi hannuna, ya dubi bayana bai ga kowa ba, ya girgiza kai. Na daɗe a tsaye a wurin, ina jin ƙarar lilo daga ciki. Yanzu gorar tana kan teburina jikin gilashi, ruwan yana ƙasa ina kallonsa.

In ta tambaye ki, ki ce mata gorar tana hannuna. Kada ki ce mata na kai.

Ki shafa mini kanta. Allah ya haɗa fuskokinmu.

Ƙaninki,
Bashari